Na Zauna a Bakin Kwata

Baban Kumatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya jikinka? Mai ɗinki ce ke rubuta min, na ce kar ta gyara komai, ta sa yadda na faɗa.

Matatar ruwa ta tsaya. Ka san fararen zaruruwan nan na cikin bututu, da ruwan kwatar gari ke bi ya fito fes mu yi ban ruwa? Mai kula da injin ya ce sun yage, ƙazanta na wucewa, shi ya sa ya rufe. Sai an kawo sababbi, shi ma bai san yaushe ba.

Salak ɗinmu ya fara kwanciya. Ƙaninka ya ce a fasa kwata kawai a juyo ruwan, wai kowa ya yi, wai taki ne kyauta. Ni ko warin ba na son ji. Ka tuna bara, kafin a kafa matatar, da Kumatu ta yi ta gudawa har ta kasa kuka? Yanzu ga ƙafa ta yi, komai ta tsinta a lambu sai baki, kuma ba ni da wanda zan bar wa ita.

Don Allah ka aiko masa da magana, ba ya jin tawa.

Matarka,
Maman Kumatu

Baban Kumatu,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kana lafiya. Shiru ban ji ka ba.

Ƙaninka ya zo da shebur. Na goya Kumatu na je na zauna daidai inda zai fasa kwatar. Ya ce gumin yayansa zan kashe. Maƙwabta na ta dariya, wai lambu ya samu sabon mai gadi. Na ce sai dai ya haƙa da ni. Kullum haka, har ya gaji.

Salak ya ƙone duka. Na maƙwabta kore shar. Matatar ruwa har yau ba a gyara ba. Ban san me za ka ce ba, ko abinci ba ya shiga min.

In faɗa za ka yi, ka yi. Amma kafin ka leƙa lambun, ka fara ɗaukar 'yarka ka ji nauyinta. Ga ta nan tana warware wa mai ɗinki zare.

Matarka,
Maman Kumatu