Rijiyar Kwaja Ta Sauka a Mugulbu

Kwaja, Mubi ta Kudu,
Ƙarshen watan Maris.

Maman Tina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan kina lafiya, da Tina mai jego, da jikan nan nawa da har yanzu a hoto kawai na san shi. Yaya Jos, yaya gwiwoyinki? Mu nan lafiya, sai zafi. Akuyarki ta haifi biyu, ta kuma cinye mini zogale.

Na zaɓi takarda a kan waya ne don in na fara magana kina katse ni, wannan labari kuwa yana son a bi shi a hankali.

Kin san wurin da ku mata kuka zaɓa wa rijiyar burtsatsen da ƙungiyar ruwa ta yi mana alkawari, gindin tsamiya, kusa da dutsen da kike sauke jarka ki huta in kin hauro da ruwa daga mayo, rafin nan namu. To, ranar da aka ce motar haƙa za ta iso, muka share wurin, Dibora shugabar zumuntar mata ta dama kunu, ni kuma na sa babbar riga. Muka zauna har inuwa ta juya. Da na kira direban, sai ya ce ai sun iso tuni, suna tsaye daidai kan ɗigon da taswirar wayarsu ta nuna. Na duba gabas, na duba yamma, ko keke ban gani ba.

Washegari sai ga wani dattijo a bayan babur, wai shi Malam Mu'azu, daga wajen Mugulbu. Ashe tsakiyar gonarsa motar ta tsaya. Unguwarsu ma ƙishirwa suke yi kamar mu, har wasu suka ce ya yi shiru, kyautar Allah ce. Shi kuwa da ya ji masu haƙa suna ambatar Kwaja, ya hana a kafa ƙarfe, ya ba su masauki, ya taso ya neme mu. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, Maman Tina. Sai na ba shi kunun Dibora na jiya.

Amma ba a gama ba. Masu haƙa sun ce inda ɗigo yake nan aka umarce su, ba za su gusa ba sai ofis ya gyara. Wani aikin kuma yana jiransu a Belel. Kin san in ruwan sama ya sauka, motar nan ba za ta ƙetare mayo ba sai wani rani. Hadari ya fara leƙowa ta kan duwatsu. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta damina ba sai bana.

Ki sa mu a addu'a. Ki gai da Tina da maigidanta.

Mijinki,
Andrawus.

Kwaja,
Tsakiyar watan Afrilu.

Maman Tina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan tarin jaririn ya lafa. Ki gyara zama.

Ni da Malam Mu'azu muka je ofishin ƙungiyar a Mubi, muka samu Haula, 'yar Alhaji Mamadu mai shagon atamfa, ita ke kula da taswira. Ta buɗe kwamfuta, muka ga ba rijiya ce kaɗai ta yi ƙaura ba. Cocinmu, makaranta, kasuwa, duk sun kwashe sun yi kudu maso yamma tare, kamar garken da aka kora. Malam Mu'azu ya ce shi bai san yana da coci a bayan gida ba.

Haula ta ce wannan tafiya tare ita ce alama. Da hannu ne ya goce, da wuri ɗaya ne zai ɓata. Ta bi lambobin da aka ɗauko a Kwaja ɗaya bayan ɗaya, ta lura babu wadda ta kai sittin a bayan ɗigon da ke tsakiyar lamba. Nan ta yi dariya. Ta ce na'urar da Bobboi mai awonsu ya zo da ita tana ƙirga wuri kamar agogo, sittin-sittin, kwamfuta kuwa ɗari-ɗari take ƙirgawa. In agogo ya ce goma da talatin, goma da rabi ke nan. Ita kwamfuta sai ta ga talatin bai kai rabin ɗari ba, ta rage mana hanya. Bobboi ya auna daidai, mai shigarwa ya kwafa daidai, babu dai wanda ya gaya wa wani irin ƙirgar da yake yi.

Ta juya lambobin, a gabanmu Kwaja ta koma gida. Duk da haka ba ta yarda da allo ba. Ta biyo mu har gindin tsamiya, ta tsaya a kan dutsenki da wayarta, ta ga ɗigo ya hau kanta, sannan ta kira direba.

An haƙa, ruwa ya fito, garau, ba ɗanɗanon gishiri. Ana gama zuba siminti ruwan farko ya sauka, motar ta ƙetare mayo da ƙyar, laka har gindi.

Jarkar farko na ɗora wa babur, na kai wa Malam Mu'azu da kaina. Ya sha, ya ce ruwan gonarsa ya yi daɗi. Har yanzu matan unguwarsu mayo suke zuwa, wannan kuwa yana tsaya mini a rai. Haula ta auna musu wuri da hannunta, ni da Dibora kuma mun yi alkawarin ba za mu bar ofishin nan ya huta ba.

Masu siminti sun so su gangarar da dutsenki, mata suka hana. Yana nan gefen famfo, Dibora tana korar duk wanda ya nemi zama a kai. Ta ce a gaya miki hawan mayo ya ƙare. Ki dawo ki zauna a kansa, ba kaya a kanki.

Ki shafa mini kan jikana.

Naki har kullum,
Andrawus.