Ranar Alhamis za a buɗe wa Tanti ido

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, Damagaram ba ta da girman da mutum zai ɓuya a cikinta. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni tela ce, kuma duk abin da na iya a hannun wata baiwar Allah na koya, zan kira ta Tanti. Tun ina budurwa aka kawo ni wurinta daga Mirriya. Ita ta kafa atiliyen nan, wato shagon ɗinkin da nake ciki, a zauren gidansu a unguwar Kara-Kara, da keke ɗaya, kuma ɗinkinta bai yi kama da na kowa ba. Sai ta haɗa saƙi da jar fatar akuya ta majema, ta bar bakin ɗinki a waje kowa na gani, hannu ɗaya dogo ɗaya babu, maɓalli kuma na ƙwallon goruba. Mata su leƙo su ce wannan ai ɗinkin mahaukata ne, ita ko a jikinta, sai ta ce mai son irin na kowa ga kasuwa can. Da aka kira ta defile, wato bikin nuna tufafi, a Yamai kayanta suka yi suna, masu dariyar nan su ne suka fara cewa ai 'yarmu ce.

Tana da doka ɗaya, riga ba ta fita sai ta shafa ta da hannu daga wuya har ƙasa ta ce ya yi. Shekara huɗu ke nan yanar ido ta rufe mata gani, ta damƙa mini makulli ta ce amana.

To ni ban riƙe ba. Amare yanzu shadda suke so da duwatsu, irin wadda suke gani a waya, ga mata shida suna ɗinki a ƙarƙashina, kowacce da bakunan da take ciyarwa. Sannu a hankali na bar saƙi, na bar zuwa majema, har allon ƙofa na sa aka shafe zanenta. Takardun da ta yanka fasalin rigunanta na cusa a buhu, da na tuna da su gara ta gama da su.

Duk Juma'a ɗanta yana kawo ta. Akwai tsofaffin rigunanta uku da na ajiye, sai in warware hannu, in canza wa fata wuri, in miƙa mata a matsayin sabon aiki. Ta shafa ta ce ya yi 'yata. Wata rana ta ce ita fa ta daina jin warin fata a ɗakin nan, tun daga ranar nake sa guntun sabuwar fata ƙarƙashin kujerarta. Ɗaya daga cikin matan ta ce mini wannan cin amana ne, na ce in saƙi za ta ba 'ya'yanta su ci to ta je ta faɗa. Ba ta faɗa ba, amma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu yanzu.

Satin jiya likita ya ce yanar tana ciruwa, ya ba ta randebu, za a yi mata aikin ido ranar Alhamis. Kowa na hamdala, ni kuwa wallahi sai da zuciyata ta raya mini ina ma aikin ya ƙi. Astagfirullah. Matar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Wannan tunanin ya fi ƙaryar ci mini rai, ina jin kunyar kaina.

Jiya na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce in an kwance mata bandeji ba jikokinta za ta fara kallo ba, rigar nan mai fata a kafaɗa da na nuna mata watan jiya take so ta gani, wai na wuce ta a ɗinki. Rigar nan ita ta ɗinka ta da hannunta, tun ban iya riƙe almakashi ba.

Tana da hawan jini, ina tsoron in faɗa mata kafin aikin wani abu ya same ta. In kuma na yi shiru, abin da idonta zai fara gani ƙaryata ce. 'Yan uwa ya zan yi, in faɗa da bakina ko in bari ta gani? Yau Talata.