Ya Rasu Yana Kwashe Abin Da Muka Bari A Kan Hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, biron zartarwa, wato kwamitin gudanarwa, na Ƙungiyar Direbobin Tattasai da Kayan Lambu ta Kwarin Komadugu, ƙarƙashin jagorancin mai girma shugabanta Alhaji Yusuf Abbakar, yana sanar da mambobinsa da masu lambuna da dillalai da ɗaukacin jama'ar Diffa cewa ya samu labarin rasuwar dattijon ƙungiya, tsohon shugaban layin Shetimari, Alhaji Goni Kashim, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talatar da ta gabata bayan la'asar, yana da shekaru sittin da bakwai. An yi masa sutura washegari da safe. Ya bar mai ɗakinsa Hajiya Aisa da 'ya'ya shida da jikoki.

Marigayi Alhaji Goni ya kama sitiyari tun kafin da yawa daga cikinmu su san hannun dama da na hagu, kuma shekara arba'in da ɗoriya yana ɗauko buhunan tattasai daga lambunan Shetimari da Geskeru zuwa kasuwa ba tare da ya taɓa kayar da kaya ko ya taka akuyar wani ba. A shekarun da mutanen bakin kogi suka yi gudun hijira, motarsa na cikin waɗanda suka yi ta kai iyalai sansanin Sayam da tabarmi da tukwanensu, bai nemi komai a hannun kowa ba. Direbobin da suka koyi aiki a gefensa sun fi ƙarfin lissafinmu.

Sai dai abin da aka fi saninsa da shi shi ne mita, kuma biro ba zai ɓoye wannan ba don ya rasu. Babu taron da ya zauna bai yi ƙorafi a kan gudun wuce sa'a, da wuce mota a kwana, da waya a kunne, da lodin da ya fi kan mota tsayi ba. Wanda ya fi ci masa rai kuwa wata ɗabi'a ce tamu ta nan. Ƙasarmu ta yashi ce, babu dutse, saboda haka idan mota ta lalace a hanya sai direba ya ɓanɓaro guntayen kwalta daga gefen titi ya tokare tayoyinsa, ya jera rassan ƙaya a baya don masu zuwa su gani. Idan gyara ya kammala sai ya tayar da motarsa ya yi gaba, ya bar komai a inda yake. Alhaji Goni yakan ce mun ci titin daga gefe, sannan mun ɗana wa 'yan'uwanmu tarko a tsakiya. Duk inda ya ga irin wannan sai ya tsaya ya kwashe, ya zuba guntayen a bayan motarsa ya kawo tasha ya tara su gindin katanga domin mu gani. Sau huɗu yana kawo shawarar a tilasta wa kowace mota ɗaukar katakon tokare taya da alamar tsayawa, sau huɗu ana ɗage maganar zuwa zama na gaba. Matasa suka laƙaba masa Mai Shara, mu manya muka yi dariya tare da su, har da mai sa hannu a wannan takarda.

Takardar farko da biro ya shirya cewa kawai ta yi marigayin ya rasu a hatsarin mota. Da wakilanmu suka kai ta gida aka karanta wa Hajiya Aisa, sai ta mayar musu da ita, ta ce ta yafe wa kowa duniya da lahira, amma ba za ta karɓi ta'aziyyar ƙungiya ba sai an faɗa wa jama'a yadda mijinta ya mutu, domin ba a cikin mota ya mutu ba. Biro ya zauna ya ga tana da gaskiya, don haka ga yadda abin ya faru.

Da hantsin ranar Talata wata babbar mota ɗauke da tattasai ta lalace a kwanar da ke tsakanin Diffa da Shetimari. Motar ta ɗan ƙungiyar nan ce. An gyara ta da azahar, ta tafi ta bar guntayen kwalta da ƙaya a kan titi. Motocinmu aƙalla tara sun bi wurin bayan haka, kowace ta kauce ta wuce. Alhaji Goni ya iso bayan la'asar, ya ajiye motarsa a gefe yadda ya saba, ya sauko ya fara kwasa. Yana sunkuye wata ƙaramar mota ta fito daga kwanar a guje, rana na dukan idon direbanta, ta buge shi. Ya cika kafin a kai shi asibiti. Direban ƙaramar motar yana hannun hukuma, biro ba zai ce komai a kansa ba. Direban da ya bar guntayen shi ya kawo kansa wurin iyalan ranar jana'iza ba tare da an neme shi ba, kuma yana cikin waɗanda marigayin ya koya wa tuƙi. Iyalan sun roƙi a sakaya sunansa, mun amince.

Biro yana miƙa ta'aziyyarsa ga Hajiya Aisa, da babbar 'yarsa Malama Kubra da ƙannenta, da mai girma Bulama da dattawan Shetimari, da duk wanda wannan rashi ya shafa. Allah Ya jiƙan Alhaji Goni, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanya abin da ya yi ta kawarwa daga hanyar bayinSa a mizaninsa na alheri, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya. Za a yi addu'ar bakwai a gidansa ranar Litinin da safe.

Daga ranar Litinin ɗin nan, babu motar da za ta yi lodi a tasharmu sai shugaban layi ya ga katakonta da alamar tsayawarta da idonsa, kuma duk wanda aka samu ya bar wani abu a kan titi zai sauka daga layi na wata guda. Wannan ita ce shawarar marigayin kalma da kalma, yadda take a rubuce a biro shekara goma sha ɗaya. Zaman da ya amince da ita bai kai minti goma ba.

Tarin da ke gindin katangar tasha zai ci gaba da zama a wurin, kada wanda ya taɓa shi. Guntaye uku da aka samu a bayan motarsa ranar Talata an ɗora su a kai. Na huɗun da ke hannunsa lokacin da aka buge shi yana wurin Hajiya Aisa, ta ce ba za ta bayar ba.

Sa hannu:
Malam Muhsinu Hashimu
Sakataren Watsa Labarai kuma Kakakin Biro
Ƙungiyar Direbobin Tattasai da Kayan Lambu ta Kwarin Komadugu, Diffa