Da kod ɗin Malam Habu na shiga

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni mace ce, ina aikin rezo, wato haɗa ordinatoci (kwamfutoci) da juna, a biron wata ƙungiya mai rabon hatsi a nan Damagaram. Wanda ya koya mini aikin zan kira shi Malam Habu. Shi kaɗai ke da izinin shiga suwic, akwatin nan da wayoyin ordinatoci suke haɗuwa a cikinsa. Ni an hana ni, wai sabuwa ce. Shi ya ba ni kod ɗinsa, wato lambobin sirrinsa na shiga, ya ce, “Ƙanwata, ki riƙa dubawa kina koyo, amma kar ki canza komai.”

Kun san bana damina ta ƙi, gero bai yi ba. Ranar rabo a ƙauyen Guna mutane sun cika gaban sito tun safe, kuma ba a ba kowa buhu sai ordinatar ta tabbatar da katinsa. Ina biro na ga rezon can yana jan ƙafa, sai na shiga suwic ɗinsu daga nesa da kod ɗinsa, wai in gyara a yaba mini. Cikin kuskure na rufe ƙofar da ke haɗa su da mu. Komai ya tsaya, ni ma hanyar komawa ta yanke. Me ya hana ni magana a lokacin? Shef, wato shugaban bironmu, ya tura Malam Habu a babur ina kallo. Can kuwa rana ta take, ga yunwa, an fara cewa da gangan aka kashe na'ura don a karkatar da hatsi. Ana cewa ga mai na'urar ya iso suka yi kansa da sanduna da duwatsu, suka ja shi a ƙasa, wani ya sare shi da lauje a kafaɗa. Da ƙyar jandarmomi suka ƙwace shi. Idonsa na hagu ya tafi.

Da aka gyara, shef ya tsaya a kaina ya ce in nuna masa abin da suwic ya adana. Akwai umarnin da ke tace abin da zai fito a allo. Na tace, na bar layukan da ke ɗauke da sunan Malam Habu, na cire wanda ke nuna daga ordinatar tawa aka shiga. Shef ya girgiza kai ya ce, “Ashe shi ya jawo wa kansa.”

Na je duba shi a asibiti. Ya bari matarsa ta fita, sannan ya juyo da idon da ya rage ya ce, “Ke kaɗai na ba wa kod ɗin.” Ya ce ba zai faɗa ba, don ya san halin ƙaninsa.

Ƙanin nan a unguwar Kara-Kara yake, da wuƙa yake yawo, kuma ya rantse wani ne a biro ya yi wa yayansa wannan aikin. Shekaranjiya shi da abokansa suka tare direbanmu a unguwar Zango, mutumin da ko kunna ordinatar bai iya ba, suka karya masa hannu suna cewa ya faɗi suna. Yanzu sun koma neman mai gadinmu. In na faɗa, gidanmu za su zo, kuma tsohuwata na ciki. In na yi shiru, wa zai biyo baya?

Ƴan uwa, me zan yi?