Saƙon Tahani a Ɗaki na Huɗu

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na kira akwatin saƙon murya, na saurara, na danna biyu. In ba a danna biyu ba na'urar tana share saƙo bayan kwana ashirin da ɗaya. Ni kowace Alhamis nake dannawa, shekara shida ke nan.

Daƙiƙa talatin da huɗu ne duka. Matata Tahani tana wajen mai kifi, ta sayi sardin, kar in yi mata ƙorafi, in sauke shanya kafin ruwa ya sauko. Daga ƙarshe ta ba ni saƙo zuwa ga 'yarmu Rihab, wadda suka yi faɗa da safen a kan aikin da ta samu a Alƙahira: ta huce, ta yarda ta tafi. Awa biyu bayan haka ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin cikin gari.

Ban isar da saƙon ba. Lokacin ba na son yarinyar ta tafi ta bar ni ni kaɗai a gidan nan. Ta tafi duk da haka bayan shekara guda, tana ganin uwarta ta mutu da fushinta. Yanzu kuma ban san ta inda zan fara ba.

Rediyo ta ce shugabannin kamfanin sadarwa na Fanar sun amince a haɗe kamfanin da wani na ƙetare. Saura masu hannun jari su jefa ƙuri'a. Shekara talatin da uku na yi wa Fanar aiki, a rediyo zan ji.

Asabar, 11 ga Oktoba

Gidan gahawa, mu tsofaffin ma'aikata da aka sallama da 'yan hannayen jari da agogon bango. Nashat, wanda muka shiga aiki rana ɗaya, ya zo da jarida yana washe baki.

Ya ce, "Abu Rihab, turakun wayar kamfanin nan sun fi ka tsufa. A bari masu kuɗi su gyara."

Na ce masa wayar ƙarƙashin teku da ke fitowa a gaɓar Iskandariya ba turke ba ce. Wanda ya riƙe ta ya san wa ya kira wa, daga matar soja har alƙali. Ya ce, "To wa zai ɓata lokacinsa ya saurari wayarka? Kai da mai gyaran famfo kaɗai kuke magana." Aka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba, na bar masa gahawata ya biya.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Rihab ta zo daga Alƙahira a jirgin ƙasa na safe kamar kowace Juma'a. Na dafa shinkafa da kifi, gishiri ya yi yawa, ta cinye duk da haka.

Ashe asusun zuba jarin da take wa aiki yana cikin manyan masu goyon bayan haɗewar, kuma ita ta rubuta musu rahoton. Ta ce, "Baba, in ba a haɗe ba nan da shekara biyar babu Fanar ɗin da za ka kare. Mutum dubu tara ke ci a ciki." Na ce ƙasa ba ta cikin rahoto. Ta ce akwai hanyoyin da ake bi a killace bayanai. Na ce yaushe aka haife ki da za ki koya mini killace layi.

Ta wanke kwanuka ta kama jirgin la'asar, ba na magariba ba. Sa'ad da take ɗaura takalmi a bakin ƙofa na kusa faɗa mata saƙon uwarta. Na ce ta gai da mijinta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Gwiwa. Ban fita ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na gama takardar da zan aika wa kwamitin tsaro da ke duba cinikin. Shafi bakwai, da hannuna. Masu surutu a talabijin suna cewa tsaron ƙasa, tsaron ƙasa, ba wanda ya san ko ƙofar ɗakin na'ura ina ta kalla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na jera musu komai a tsohon gininmu: ɗaki na biyu, bayanan kira, na uku, sunaye da adireshi, na huɗu, na'urar saƙon murya da ni na kafa ta da hannuna, tana riƙe da muryoyin mutanen ƙasar nan, har da inda ake ajiye kwafinta guda biyu. Na ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya: kada wannan ya shiga hannun baƙo ko da na kwana ɗaya.

In suka karanta wannan ba su hana cinikin ba, to ba su iya karatu ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na danna biyu.

Nashat ya biyo da burodi mai zafi, wai sulhu. Shi kaɗai ya san da saƙon. Ya ce, "Midhat, ka ɗora wata waya a kai ka naɗe abin nan. Jikana ma zai iya." Na tuna masa rantsuwar da muka yi da Alƙur'ani ranar ɗaukar aiki, ba saurare ba naɗa, kuma ni na sa aka kori wani ma'aikaci a kan haka.

"Layinka ne, matarka ce, tsohon banza."

Na ce na'urar tana da kwafi biyu, ba ta taɓa ɓatar da harafi ɗaya ba. Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, muddin saƙon yana can, ji nake kamar yanzu ta kira ban ɗauka ba. In na naɗe shi ya zama kayan tarihi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Babban taron masu hannun jari, a wani otal a Alƙahira. Mu tsofaffi a baya kusa da ƙofa, masu kwat a gaba. Na hango Rihab a layi na biyu da shugabanninta.

Awa uku ana jayayya. Wani ya ce farashin ya yi kaɗan, wani ya ce in aka ƙi wannan ba mai sake tayawa. Wata mata daga asusun fansho ta tambayi wa zai riƙe mabuɗan tashar wayar ƙarƙashin teku, aka ba ta amsa mai tsawo wadda ba amsa a ciki. Da aka miƙo mini abin magana na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya lissafin riba ba. Na dai san abin da ke cikin ɗakunan nan, muryar mutane ce, ba taliya ba ce da za a sayar da kwali." Na baya suka tafa. Da na tsaya nan da ya isa. Sai na ƙara da cewa akwai waɗanda aka yi wa tarbiyya da albashin Fanar, yau su ke rubuta takardar sayar da ita.

Ba ta juyo ba. Na ga wuyanta kawai, ta sunkuyar da kai.

An jefa ƙuri'a, masu so sun yi rinjaye da nisa. Saura kwamitin tsaro. A jirgin dawowa, da muka kai garin Tanta, Nashat ya ce, "A gaban mutanen da take wa aiki, Midhat."

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ba ta zo ba. Na dafa na mutum biyu duk da haka.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

An kira ni daga kwamitin. Wani mai ladabi, bai faɗi sunansa ba. "Injiniya Midhat, takardarka ta fi duk abin da kamfanin ya ba mu amfani." Ya tambayi ko akwai kwafi na uku. Na ce babu, biyu ne, na sake kwatanta masa inda na biyun yake.

Na yi tafiya har bakin teku da gwiwar nan ban ji ta ba. Na so a ce akwai wanda zan gaya wa a gida.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na danna biyu. Na sayi 'yar na'urar naɗar murya a hanyar dawowa daga kantin magani, don Nashat ya daina damuna. Tana cikin kwalinta a kan firiji. In kwamitin ya yanke hukunci hankalina ya kwanta, sai in duba yadda ake kunna ta.

Ruwan farko ya sauko da yamma.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

"Ba ka da saƙo."

Na kira sau tara. Na cire batir na mayar. Na sauka na kira daga wayar mai kanti. Muryar macen nan ta na'ura, wadda ni na zaɓe ta cikin mutum biyar shekarun baya, ita ke ta gaya mini ba ni da saƙo.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Ba ta zo ba. Ban dafa ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Yana shafin farko na jarida. Kwamitin ya amince da haɗewar bisa sharuɗɗa: tashar wayar teku ta zauna a hannun gwamnati, tsofaffin bayanan jama'a kuma a lalata su kafin miƙa kamfani. An riga an yi, ranar Talata, ba sanarwa, saboda tsaro.

Na je tsohon ginin. Injiniya Sausan, da na koya wa aiki tana sabuwar fitowa daga jami'a, ita ce shugabar wurin yanzu. Ta shigar da ni ɗaki na huɗu. Katakan ajiya kawai da wayoyi a zube. Ta ce an huda faya-fayan da saƙonnin ke ciki ɗaya bayan ɗaya a gaban jami'ai, kwafin biyu ma haka. "Da jerinka suka zo a hannu, Ustaz. Mu mun ma manta da na biyun." Tana faɗa ne don in ji daɗi.

Na tambaye ta ko wani abu ya tsira. Ta ce, "Ai ba ka bar musu wurin kuskure ba."

A gidan gahawa suka miƙe suna ba ni hannu, wai na ceci asirin jama'a. Nashat ya dube ni sau ɗaya ya gane. Ya ja ni waje, muka tsaya a ƙarƙashin rumfa ruwa yana zuba, bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na sami wanda zan yi wa faɗa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Har yanzu ina ganin abin da na rubuta daidai ne. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Na zauna in rubuta kalmominta kafin su gudu. Na saurare su fiye da sau ɗari uku, amma yau na kasa tuna ko shanya ta fara ambata ko sardin. Akwai ƙarar mai talla a bayanta, da inda ta ja numfashi. Wannan ba ya rubutuwa.

Na yi kuka a kan teburin girki, tsoho da ni. Ba don ni kaɗai ba. Muryar ta Rihab ce, shekara shida na riƙe mata ita, ina cewa wata rana zan miƙa mata waya in ce saurari. Yanzu ba abin da ya rage sai bakina, bakin da ya ci mata mutunci a bainar jama'a.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Na kama jirgin safe zuwa Alƙahira. Ban kira ba. Mijinta ya buɗe, ya gaishe ni, ya ɗauki yara wai za su sayo lemo.

Na gaya mata a tsaye, ban cire kwat ba. Duka: saƙon, dalilin da na ɓoye, takardar, faifan da aka huda. Ba ta katse ni ba har na gama.

"Shekara shida, Baba. Kowace Juma'a ina zuwa kabarinta kafin in zo wurinka, ina ba ta haƙuri."

Ban san da wannan ba.

Ta ce, "To yaya zan san ba yanzu ka shirya wannan ba don in huce?" Na ce ba ni da shaida, ni na lalata ta. Ta ce in faɗa mata yadda ta faɗa, kar in gyara komai.

Na rufe ido. "Ka ce wa mai kan dutsen nan, 'yar ubanta, na huce. Ta tafi Alƙahirarta, amma ta sayi bargo, ba ta jure sanyi."

Ta zauna a ƙasa, nan kan tayil. Ta ce, "Mai kan dutse. Ba wanda ke ce mini haka sai ita." Can ta ce in sake. Na sake. Sau huɗu, muryata tana karyewa a wuri ɗaya kowane karo.

Ta haɗa mini shayi, ta sa sukari yadda nake so, amma ba ta raka ni tasha ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ban taɓa koyon yadda uba ke roƙon 'yarsa gafara ba. A jirgi na yi ta gwada kalmomin a hankali, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko da ita nake.