An Raɗa wa Ɗana Suna Ina Daji da Mota

Assalamu alaikum Hajiya Barakatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani, domin yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban ci abincin gidana da daɗin rai ba.

Ni mutumin Lajawa ne, amma a cikin Wudil nake zaune da iyalina. Shekaruna arba'in da bakwai. Noma na gada, shi na sani, sai da ruwa ya cinye min gona damina biyu a jere na ce to, zama bai kama ni ba. Na je kara ranar Juma'a, inda ake lodin shanu zuwa Kudu, na yi ta bin direbobin tirela ina roƙon a ɗauke ni in koyi tuƙi. Wani ya ce in koma gida in riƙi carbi, wani ya tambaye ni ko ɗana nake nema wa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Oga Abdulbaƙi, wanda na girme shi da shekara goma sha biyu.

Hajiya, shekara biyu da wata huɗu na yi ina karen mota da furfura a gemuna. Na wanke mota, na sa waigi a bayan taya don kada mota ta gangara, na kwance taya cikin rana, na shiga tsakanin ƙahonin shanu ina tayar da wanda ya kwanta. Sa'o'in 'ya'yana a tasha Baba Kare suke ce min, na shanye. Oga Abdulbaƙi bai taɓa zagina ba, ko ranar da na ƙona masa kuloci a kan hawa. Shi ya tsaya min na sami lasisi, shi ya kai ni gaban mai motoci ya ce a ba ni makulli, in na yi ɓarna a kansa. Ranar nan, a gaban direbobi, na ɗaga murya na ce matata tana da ciki, 'ya'yana huɗu duk mata ne, in Allah ya ba ni namiji sunan Abdulbaƙi zai ci. Kowa ya ji, har aka shafa fatiha.

Tafiyata ta farko da makullina, na sauke shanu lafiya a Legas, na yi lodin gishiri, a hanyar dawowa injin ya buga a wani daji bayan Jebba. Washegari aka kira ni an sauka lafiya, namiji. Duk wanda ya san aikin nan ya san direba ba ya barin mota da kayan mutane a daji ya tafi suna, balle sabon direban da wani ya tsaya masa. Na ce wa yayana Nu'uman su dakata, kada a yi komai sai na zo. Ban faɗi sunan ba, don so nake in zo da Oga da kansa a raɗa a gabansa. Da yamma wayar ta faɗa cikin baƙin mai ta mutu murus, lambobin kowa kuma suna cikinta. Kwana goma sha uku muka yi a wurin kafin bakanike ya samo kayan gyara.

Na iso gida ina murna, sai na tarar an yi suna tun tuni, an yanka rago, an soye, har an ajiye min kasona a langa. Yaro ya ci sunan surukina, Malam Dalhatu, gida duk ana ta Abba, Abba. Ni da na haifa, a bakin ƙaramar 'yata na ji sunan ɗana! Nu'uman ya ce wai kwana bakwai ba ya jiran mota, wai sun neme ni har sun gaji, wai bai ga wanda ya cancanta kamar Malam ba. To shi wa ya naɗa shi? Ina raye, ban haukace ba, kuma neman halak na tafi ba yawon banza ba.

Ban ce surukina bai yi komai ba. Gaskiya ne shi ya riƙa aiko da dawa da gero daga Achika lokacin da nake koyo, shanunsa ne suka yi huɗar ɗan abin da ya rage na gonata, ragon ma nasa ne. Ita ma uwar yaran ta yi ta tuyar awara da tsohon ciki, babbar 'yata Ikilima ta ajiye karatu shekara guda tana taya ta. Amma ai duk don gidan nake wannan wahala. Yanzu da wane ido zan kalli Oga? An fara tambayata a tasha yaushe za a zo ganin takwara, ni kuwa sai kame-kame nake. Magana zarar bunu ce, kuma a gaban jama'a na zare ta.

Na ce zan sayi wani ragon in tara mutane a sake raɗa suna. Ita kuma matata ta ce ranar da na cire sunan mahaifinta daga kan yaron, ranar za ta ɗauki goyonta ta koma Achika. Shekara ashirin da ɗaya muna tare ba ta taɓa yaji ba, kuma ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Hajiya, ina da gaskiya ko ba ni da ita? In sake sunan, ko in zama maƙaryaci a gaban wanda ya yi min rana?

Sabon direba, tsohon magidanci, Wudil.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam direba. Barka da ƙaruwa, barka kuma da samun makulli. Ba kowane magidanci ne zai iya abin da ka yi ba.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya: sa wa ɗa suna haƙƙin uba ne, kuma yayanka ya yi gaban kansa. Ka same shi ku biyu ka gaya masa ranka ya ɓaci, ya kamata ya ba ka haƙuri. Iyakar gaskiyarka ke nan.

Alkawarin nan a tasha ka yi shi. Direbobi sun san sunan, wadda take ɗauke da cikin ba ta sani ba. Ka ce a dakata, sannan aka ji ka shiru kusan mako biyu, mai jego tana zaune ba ta san ko kana raye ba. Motoci nawa suka wuce ka a hanyar nan? Da ka haddace lambar matarka, da ka ari waya. Kuma na lura wahalarka ka zayyana ta dalla-dalla, tasu kuwa ka taɓo ta sama-sama ka bi ta da "amma". Mutum biyu ne suka kai ka ga sitiyari, ɗaya a kan titi, ɗaya ya riƙe maka gida. Ba don dawar Malam Dalhatu ba, da tun wata na uku ka ajiye waigi ka dawo.

In ka bar sunan, Oga ya rasa karamcin da bai riga ya karɓa ba. In ka sake shi, duk Achika za a ji an tuɓe wa dattijo sunansa daga kan jikansa, kuma babu ragon da zai wanke wannan tozarci.

Kafin Juma'a ka je wurin Oga kai kaɗai, ka gaya masa yadda aka yi ba kwana-kwana. Direba ne, ya fi kowa sanin abin da hanya take ci. Ka kawo shi gida ya ɗauki yaron ya sa masa albarka, kuma kada ka rufe wannan alkawari da wani sabo. Daga nan ka ɗauki goro ka je Achika ka durƙusa ka yi godiya. Ka mayar da Ikilima makaranta. Nan gaba duk abin da ka ƙudura game da gidanka, gidan ya fara ji kafin tasha.

Ka bar wa yaro sunansa. Ka shiga wurin uwarsa ka gode mata da bakinka, domin na karanta wasiƙarka sau biyu ban ga inda ka yi hakan ba.

Allah ya raya Abba, ya ba mai jego lafiya, ya tsare maka hanya tafiya da dawowa.

Hajiya Barakatu