Takalman Mutum Shida

Kolwezi, 9 ga Maris

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ƙanwata Kabange da yaranta. Yaya ciwon gwiwar? Ni jikina ƙalau. Na san kin ji rediyo, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake rubutuna na ɗan aji huɗu ne. Ki sa Kabange ta karanta miki a hankali.

Ranar Alhamis da safe ramin da muke haƙar tagulla ya rufta. Ni ina sama, ranar ni ke jan igiya. Yaya Banza yana ƙasa, shi da mutum biyar. Kin san al'adar aikinmu: ba a shiga rami da takalmi, tafin ƙafa ne ke jin inda ƙasa ta yi laushi. Kowa ya tuɓe nasa a bakin rami, in ya fito ya ɗauka. In ƙasa ta danne, takalma ake ƙirgawa, kuma ba a ajiye shebur sai kowane takalmi ya sami ƙafarsa, da rai ko ba rai. Na mutum shida ne a jere.

Mun fara tono ke nan sai ga motar Shugaba Mukalay. Filin na kamfaninsa ne. A takarda ramin a rufe yake tun bara, amma duk buhun da muka fitar sikelinsa yake hawa. Ya fito da hular kwano fara ƙal, wadda ko tsakuwa ba ta taɓa faɗa wa ba, yana jan ƙafarsa ta hagu. Bai leƙa ramin ba, Mama. Takalman ya duba. Sai ya ce wa masu gadinsa da yarenmu, don kada baƙin injiniyoyi su ji: “Ku tattara mini waɗannan.” Da ya juya ya gan ni, har da murmushi: “A'a, ɗan Ngoie, kai ma nan kake? Ka gaishe da tsohuwa.”

Aka kore mu da gindin bindiga. Kafin rana ta take katafila ta cike ramin, ta tara tudun ƙasa a kansa. Da yamma Shugaba ya shiga rediyo yana gode wa Allah, wai ba kowa a ciki. Ranar Asabar kuwa aka sake zaɓensa shugaban ƙungiyar masu kamfanoni ta ƙasa, karo na uku. Gawa shida ba ta dace da ranar tafi ba.

Baƙo ba zai san abin da takalma ke faɗa ba. Shi Shugaba ya sani. Ke kika ba mu labari tun muna yara, cewa da rami ya danne Mukalay yana saurayi, kowa ya watse, Baba ne ya ga silifa guda ta rage, ya yi kwana biyu yana tono har ya jawo shi da karyayyiyar ƙafa. Daga nan ya sayi sikeli, daga sikeli sai manyan motoci, sai kamfani, sai shugabancin masu ma'adinai, yanzu ga shi yana cin abinci da ministoci a Kinshasa. Duk a kan silifa guda.

Ki yi haƙuri, ki ci abinci. Ina nan, ban bar wurin ba.

Ɗanki,
Mwepu

Kolwezi, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kabange. Na ji gwiwar ta yi sauƙi, na gode wa Ubangiji.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku, kowane karo ta fi ɗaci. Kin ce mutanen Shugaba sun kawo miki buhunan garin masara da atamfa, sun ce an ga Banza a kan iyakar Zambiya. Kin ce in karɓi aikin gadin da ya yi mini tayi, in rufe bakina, don Mukalay ɗan gida ne. Mama, mutum yana tafiya Zambiya ba takalmi? Ni na riƙe igiyar da ya sauka da ita. Ban ga laifinki ba, uwa ta fi son ɗanta a Zambiya da a ƙarƙashin ƙasa. Amma wanda ya sayar miki da wannan ƙaryar a kan garin masara, ba zan yafe masa ba. Kada ki ɗinka atamfar nan.

Mukalay ya daɗe a sama, ya manta abu guda: talaka ba ya zubar da takalmi mai rai. Cewa ya yi a jefa takalman nan kogi. Masu gadin suka raba.

Sati uku na yi ba na kallon fuskar kowa, sai ƙafa. Abokai har sun sa mini suna Mai Neman Allura. Na mutum huɗu na samu a kasuwar gwanjo, matansu suka zo suka shaida su. Na biyar a ƙafar surukin wani mai gadi. Na Yaya Banza kuwa, shuɗin nan na roba da na ɗaure masa madauri da wayar tagulla, a ƙafar Kapend na gan shi, shugaban masu gadi, yana taƙama da shi zuwa coci.

Ban yi masa faɗa ba. Matarsa na je na gaisar. Na ce, “Mama Kapend, takalmin maigida ya yi kyau. Mai shi yana ƙarƙashin tudu, bai gama nemansa ba.” Ta ajiye muciya. Maƙwabta sun ce har titi ta kore shi tana cewa, “Da ƙafar gawa kake shigo mini ɗaki, sakarai? Ka kai masa abinsa, ko ka je ka kwana wurinsa.” Da kansa ya kawo mini, ƙafa ba komai, ya ce zai faɗi wanda ya ba da umarni.

Ranar Litinin zan kai buhun takalman ofishin mai gabatar da ƙara, tare da matan mutum biyar ɗin. Na san wanda nake ja da shi, an riga an hana ni aiki a kowane rami a nan. Abu guda nake nema: a buɗe ramin, in kawo miki Banza garinmu Kabongo, a binne shi kusa da Baba. Ki ajiye wannan takarda a cikin Littafi Mai Tsarki, ko da wani abu ya same ni.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Mwepu Ngoie

Ga waɗanda suka ga abin da na gani: Mama Mujinga mai sayar da tuwo a gindin tudu. Kyalwe da Lenge, abokan tonona. Sendwe mai tuƙa katafila, wanda bai koma aiki ba tun ranar. Kapend. Sai Mukalay da kansa. Kafin ya ce a tattara, na ga leɓensa yana motsi, ya ƙirga har shida.